Bel ko sarƙa: wanne ya dace da keken mutum biyu a hanyoyin Bauchi?

Shekara tara ke nan da yayana ya rasa ganinsa. Kafin lalurar mutum ne da ba ya rabuwa da keke, da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa wurin aiki, kuma cikin duk abin da makanta ta jawo masa, zaman wuri ɗaya ne ya fi cin ransa. Shi ya sa ranar da na ci karo da keken mutum biyu a wajen masu kekunan gwanjo ban tsaya dogon ciniki ba. Tandam ake ce masa: taya biyu, sirdi biyu, feda huɗu. Ni a gaba da kan keke da birki da giya, shi a baya yana ba da ƙarfi. Ko a gasar nakasassu ta duniya da irinsa makafi ke tsere, mai gani a gaba, marar gani a baya.

Yau shekara huɗu kusan kowace Asabar muna kan hanya, ko ta Dass ko ta Jos. Kwanan baya wani bawan Allah daga Gombe, wanda ɗansa matashi ke da irin lalurar Yaya, ya samo lambata ya kira ni. An nuna masa irin keken guda biyu, ɗaya da sarƙa ɗaya da bel, na bel ɗin ya fi tsada, yana so ya san wanda zai ɗauka. Na yi ta yi masa bayani har katinsa ya ƙare ban kai ƙarshe ba. Tunda duka biyun mun yi amfani da su a kan keke ɗaya, a kan hanyoyi ɗaya, bari in shimfiɗa maganar a nan yadda wani ma zai amfana.

A fara sanin wace sarƙa ake nufi. Keken mutum biyu sarƙa biyu gare shi. Ta dama irin ta kowane keke ce, daga farantin feda zuwa tayar baya, ita ke canza giya. Ta hagu kuwa doguwa ce, ta taso daga fedar na gaba zuwa fedar na baya. Aikinta biyu: ta kai ƙarfin na gaba zuwa baya, ta kuma sa ƙafafun mutum biyun su riƙa juyawa tare. Ni sarƙar haɗi nake ce mata. Dattijon da nake kai wa gyara wajen Wunti shi taimin yake ce mata, kamar na mashin, kuma sunan ya zauna. To wannan ta hagun ce ake cirewa a sa bel a madadinta, kuma a kanta duk maganarmu take.

Bel ɗin ba irin na injin markaɗe ba ne ko fambel na mota, masu riƙo da matsi kawai. Haƙora gare shi, suna faɗawa cikin haƙoran faranti ɗaya bayan ɗaya. Jikinsa roba ce mai tauri, cikinsa kuma an jera zaren kabon daga farko har ƙarshe, kuma wannan zaren shi ke ɗaukar duk wani ja. Kamfanin Gates na birnin Denba a Amurka ya shigo da shi harkar keke a 2007. Na farko-farko bangon gefen faranti ne ke tare shi kada ya zame. Daga baya suka fito da wanda suke kira CenterTrack, mai tsaga a tsakiyar bel da ɗan tudu a tsakiyar faranti da ke bin tsagar. A keken mutum ɗaya sai an ƙera bodin da wurin buɗewa kafin bel ya shiga, domin shi ba a raba shi biyu. A gefen hagu na tandam babu wannan matsalar, a waje yake gaba ɗaya, shi ya sa masu ƙera irin waɗannan kekuna suka karɓe shi da wuri.

Namu da bel ya zo. Haƙoransa 250, tsakanin haƙori da haƙori milimita 8, wato tsawonsa mita biyu cif. Farantansa biyu kowanne haƙora 69. A riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

Wata Asabar cikin Disamba muka fita bayan sallar asuba, sanyin hunturu na shiga har ƙashi. A hanyar Jos, daidai inda dutsen Zaranda ke fara fitowa sosai, akwai wani ɗan hawa. Tirela ta matse mu, na rage gudu har kusan tsayawa, ban samu sauke giya ba. Da ta wuce sai na miƙe tsaye na danna feda da duk nauyina. Sai ji muka yi ƙas! ƙas! ƙafata ta zurma gaba kaɗan.

"Kai, tsaya," in ji Yaya.

"Yaya, ai ba komai, tsakuwa muka taka."

"Ba tsakuwa ba ce. Ƙafarka ta riga tawa. Sau biyu ya yi."

Da muka sauka na duba, gaskiyarsa. Fedata ta hagu ta wuce tasa. A faranti mai haƙora 69, tsallaken haƙori ɗaya ya ɗan haura digiri 5, biyu kuwa sun haura 10. Ido zai iya ƙin lura da wannan, amma wanda ke baya, wanda da tafin ƙafa kaɗai yake sanin abin da na gaba ke shirin yi, nan take ya ji. Ga marar gani wannan ƙarar da zurmawar ba ƙaramin firgici ba ne, domin bai san ko wani abu ne ya karye ba, bai kuma san ko faɗuwa za a yi ba.

Me ya jawo tsallaken? Na daɗe ina bin maganar kafin ta zauna mini. In na gaba ya taka feda, layin bel na sama ne ke ɗaukar ja, na ƙasa kuma ya ɗan saki. Jan nan ba kaɗan ba ne. Hannun feda milimita 170 ne, farantin kuwa daga tsakiyarsa zuwa bakinsa wajen 88. Ke nan mutum mai kilo 70 in ya miƙe a kan feda, bel na ɗaukar jan kusan kilo 135, in ya haɗa da fizgar kan keke ya fi haka. Kuma jan duk a gefe ɗaya yake, gefen hagu. Bututun da ya haɗa fedar gaba da ta baya sai ya ɗan lanƙwasa kamar baka in an ja tsirkiya, farantan biyu su matso kusa da juna, layin ƙasa ya ƙara saki. Haƙoransa in sun iso faranti ba sa zama daidai a gurbinsu, sai su hau kan haƙoran faranti, su tsallake. Shi ya sa kusan kullum tsallake a wuri uku yake faruwa: wajen tashi daga tsaye, wajen hawa da giya mai nauyi, da lokacin da mutum biyun suka saɓa, ɗaya ya tsaya cak ɗaya na dannawa.

Akwai kuma abin da sai mazaunin ƙasarmu zai lura da shi sosai. Bodin kekenmu alminiyam ne, kuma alminiyam na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Zaren kabon kuwa kusan ba ruwansa da zafi ko sanyi. Tsakanin fedarmu ta gaba da ta baya milimita 724 ne. In zafi ya sauka da digiri 25, wannan tazarar na raguwa da kusan milimita 0.4. Bodin ƙarfe rabin haka yake yi. Adadin kamar ba komai ba, amma ga abin da ba ya miƙewa ko kaɗan, ya isa ya sassauta ɗauri. Ni da rana tsaka cikin Oktoba na ɗaure namu, ban sake dubawa ba, sai ga asubar Disamba. Bel ɗin da ya yi daidai a zafin Afrilu yana iya zama sako-sako a sanyin Janairu, wanda aka ɗaure tamau da hunturu kuma ya wuce kima da bazara.

Sarƙa ba ta da wannan tsaurin ra'ayi. Haƙoran farantinta dogaye ne, sun shige cikinta sosai, ko ta saki da wuya ta tsallake haƙori. Abin da take yi in sakin ya yi yawa shi ne ta riƙa kaɗawa tana dukan bodi, in aka faɗa rami ta zame ta faɗo. Faɗowar ma ba daɗi, fedar na gaba sai ta tafi fayau ba nauyi, amma minti biyu ya isa a mayar da ita da hannu, kuma ba abin da ya same ta. Bel kuwa duk tsallake ɗaya rauni ne ga zaren cikinsa, raunin da ido ba ya gani.

Ɗaurin duka biyun da abu ɗaya ake yin sa. A ƙarƙashin na gaba, sandar feda na zaune cikin wata 'yar ganga ta ƙarfe, ramin sandar kuma ba a tsakiyar gangar yake ba, ya karkata gefe. In ka kwance notinta da alanki ka juya gangar, feda ta matsa gaba ko baya, ɗauri ya ƙaru ko ya ragu, sai ka sake ɗaure notin. Ga sarƙa yatsa ya isa awo: ka juya feda har ka sami inda ta fi tsauri, a nan ka bar mata wasan kusan rabin inci sama da ƙasa. Ko ka ɗan kuskure za ta yafe maka.

Bel sai da awo na gaske. Ana kaɗa shi da yatsa a tsakiyar layi kamar tsirkiyar gurmi, a saurari amon. Kamfanin Gates na da manhajar waya kyauta da ke sauraren amon ta faɗi adadin girgizarsa, kuma abin da suka ba da ga keken mutum biyu shi ne girgiza 60 zuwa 65 a daƙiƙa. Akwai kuma wani ɗan ma'auni da ake dannawa a bayan bel, Krikit. Manhajar na son wuri shiru. A bakin titi, ga Napep ga janareta, ba za ta ba ka lamba mai kyau ba. Kuma kada a auna wuri ɗaya a tashi. A juya feda kwata, a sake kaɗawa, har sau huɗu. Ba faranti da ke zama a tsakiya ɗari bisa ɗari, don haka akwai inda bel zai fi tsauri da inda zai fi saki. In bambancin ya yi yawa, a ɗan sassauta notuna biyar da ke riƙe da farantin, a kai feda inda ya fi tsauri, a ɗan bubbuga farantin ya koma tsakiya, a ɗaure. Wannan aikin da haƙuri ake yin sa, ya taɓa cin mini yammaci guda.

Yanzu ma ba kullum nake ɗauko waya ba. Yaya ya haddace amon. Kafin mu fita yakan durƙusa ya laluba bel ɗin ya kaɗa, ya ce "ya yi ƙasa" ko "yana nan." Na sha gwada shi da manhajar, ban taɓa samun sa ya yi nisa da ita ba.

Wanda bel ya taɓa tsallake masa, abin da zuciya ke raya masa shi ne ya ɗaure shi tamau har ƙarshe. Kuskure ne. Ɗaurin da ya wuce kima na danne boris ɗin feda gaba da baya ba hutu, ko keke na jingine a zaure. Boris ya fara gurnani, ya mutu da wuri, tuƙi ya yi nauyi. In ka juya feda baya da hannu ka ji tana turjewa, ɗaurin ya yi yawa. Tsakanin sakin da ke kawo tsallake da tsaurin da ke cin boris ɗan fili ne ƙanƙani, kuma in bodin keken mai laushi ne, yana lanƙwasa da yawa, filin nan babu shi kwata-kwata: duk yadda ka ɗaure, mai ƙarfi in ya danna sai ya tsallake. Irin wannan keken sarƙa ce abokiyar zamansa.

Wani abin lura wajen juya gangar: in an kwance ta tana iya zamewa hagu ko dama. Farantan biyu dole su kasance a layi ɗaya sak. Sarƙa na da wasa a gaɓoɓinta, tana jure 'yar karkata. Bel in layi ya karkace sai gefensa ya riƙa gogar faranti, yana ƙara, yana cinyewa. Ni da dogon katako miƙaƙƙe nake gwadawa, in jingina shi jikin farantan biyu in ga ko ya kwanta a kansu daidai.

Mu koma ranar Zaranda. Babu alanki a jakata. Muka tura zuwa wani ƙauye, muka sami mai faci a gindin bishiya. Mutumin kirki ne, da niyyar taimako ya karɓe mu, amma bai taɓa ganin irin abin ba. Yadda ake wa sarƙa ya yi masa: ya zura sukudireba ya ɓanɓare bel ɗin daga faranti, ya daidaita feda, ya ɗora shi a baki ya murza feda da ƙarfi har ya hau. A lokacin ni ma ban san illar hakan ba. Zaren kabon gwanin jure ja ne, amma ba ya jure karyawa. Ba a lanƙwasa bel sosai, ba a murɗe shi, ba a juya cikinsa waje, ba a naɗe shi ta baya, ba a ɓanɓare shi da ƙarfe, ba a murza shi ya hau faranti da ƙarfi. Hanya ɗaya ce: a kwance ganga, ya saki, a cire da hannu.

Bayan wata huɗu, muna dawowa a hanyar Dass, a shimfiɗaɗɗen wuri ba hawa ba rami, ya tsinke. Bai yi ƙara ba kafin nan, bai nuna tsagewa ba. Na tsaya riƙe da shi a hannu, ba abin da za a ɗinka, ba abin da za a haɗa. Sai Yaya ya ce, "Hau ka riƙe mana kai, ni zan kai mu." Da yake fedar baya ita ke haɗe da sarƙar dama, shi kaɗai ya tuƙo mu har gida, ni ina riƙe da kai da birki. Ya jiƙe sharkaf da gumi, amma na daɗe ban ga fuskarsa da irin hasken ranar ba.

Da sarƙa ce ta tsinke a wurin, da gaɓa ɗaya za a cire a haɗa, ko a kai wa mai faci mafi kusa, kuma duk ƙauyen da ke kan hanyar nan akwai wanda ya iya. Wannan shi ne babban abin da sarƙa ta fi bel da shi a ƙasarmu, kuma ban ga wani abu da zai goge shi ba.

Washegari na kai keken Wunti. Na ce, "Baba, ko za a samu irin wannan?" Ya jujjuya guntun bel ɗin ya ce, "Ɗana, ko Kano ka je wahala za ka sha. Mu mayar da shi sarƙa." Cikin kwana biyu ya samo farantai biyu masu haƙora 42 daga tsofaffin kekunan tsere, ramukan notinsu sun dace da namu. Sarƙar haɗi ta fi ta keke ɗaya tsawo: tamu gaɓa 156 ta ci, alhali sabuwar sarƙa a kwali yawanci 114 ce ko 116, don haka biyu muka saya ya haɗa. Sharaɗi ɗaya ne, farantan biyu su zama haƙoransu ɗaya, in ba haka ba ƙafafu ba za su taɓa tafiya tare ba. Kuma in akwai zaɓi a ɗauki manya. Mai haƙora 34 zai sa jan da muka lissafa ɗazu ya haura kilo 170, mai 42 kuwa wajen 140, ga shi haƙora da yawa ne ke raba nauyin.

Shekara ɗaya da 'yan watanni muka yi da sarƙa, kuma ba ta taɓa barin mu a hanya ba. Abin da ta nema shi ne hidima. Sarƙa sai da mai, mai kuma abokin ƙura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fita ɗaya ta isa ta yi baƙi ƙirin, man da ƙurar su zama wani kwaɓi mai kama da garin dutsen wasa wuƙa, ya shige cikin gaɓoɓi yana ci. Abin da muke ce wa miƙewar sarƙa ke nan. Ƙarfen ba miƙewa ya yi ba, ƙusoshin cikin gaɓa ne suka cinye, wasa ya ƙaru. Baƙin man inji da aka saba zuba wa keke shi ya fi kowanne kama ƙura. Na koma wanke ta da kananzir, in bari ta bushe, in ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, in goge na waje da tsumma. Da hunturu kusan duk mako. Sarƙa mai tsawon mita biyu ba aikin minti biyar ba ce.

Amma lalacewarta a fili take, kuma wannan alheri ne. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, don haka gaɓa 24 na sabuwa inci 12 ne daidai. Ka ɗora ruler ko tef: in ta ƙaru da ɗaya bisa goma sha shida na inci ta fara tafiya, in ta kai ɗaya bisa takwas a canza ta kafin ta cinye farantai. Tana sakin kaɗan-kaɗan, kana juya ganga kana bin ta. Sarƙar haɗi ma ta fi ta dama daɗewa nesa ba kusa ba, tunda a miƙe take tafiya, ba ta canza giya, ƙarfin mutum ɗaya kawai take ɗauka. Baba ya ƙara mini wata dabara: farantin gaba ja yake yi, na baya jan sa ake yi, don haka fuskar haƙorin da ke cinyewa a ɗaya ba ita ke cinyewa a ɗayan ba. In sun fara tsufa a musanya su, na gaba ya koma baya, sai su sake sabuwar rayuwa.

Bel ba ya miƙewa, ba ya tsatsa, ba ya son mai ko ɗigo. Masu yin sa na cewa yana ninka sarƙa daɗewa, kuma in ba a ji masa rauni ba ban musa ba. Ƙura ba ta manne masa, sai dai in ta yi yawa yakan fara kuka ƙii-ƙii kamar ƙofar da ta bushe. Maganinsa ruwa da tsohon buroshin haƙori. Kada a ce za a kashe kukan da mai ko giris. Da damina laka da tsakuwa ne abin tsoro: tsakuwa in ta maƙale tsakanin bel da faranti tana iya yanke zaren ciki, don haka bayan an bi ta cikin taɓo a tsaya a ɗauraye. Alamomin tsufansa kuwa sai an duƙa an duba da kyau: tsagewa a bayansa, haƙori da ya ɓalle ko ya fara tsagewa daga gindi, zare da ya leƙo waje. A duba farantan ma, musamman na alminiyam, domin yashi na cin su; haƙoran da suka sirance suka yi kaifi suna kawo tsallake ko da ɗauri daidai yake, kuma sabon bel a kan cinyayyen faranti asarar kuɗi ce.

Batun nauyi da sauri ba zan daɗe a kai ba. Bel ya fi sarƙa rashin nauyi, ya fi ta shiru. Sarƙa mai tsabta kuma ta ɗan fi shi santsin juyawa saboda ba a ɗaure ta tamau. Ga mutum biyu masu fita motsa jini ranar Asabar, ba wanda zai ji bambancin a ƙafarsa.

To me ya mayar da mu bel, bayan duk abin da ya yi mana? Hannun Yaya. Marar gani da hannu yake ganin keke. Kafin ya hau sai ya shafa sirdi, ya shafa bodi, ya nemo feda, kuma sarƙar haɗi a buɗe take a gefen hagu, ba murfi, daidai inda hannunsa ke bi. Duk fita sai ya shafo baƙin mai, ya shafa a fuska ko a riga bai sani ba, sai wani ya gaya masa. Wandunansa farare duk ƙafar hagu ta yi tabo. Ranar wata Juma'a da muka je masallaci a kai, wani yaro ya ce masa, "Baba, rigarka ta ɓaci." Bai ce komai ba, amma na ga yadda abin ya taɓa shi. Mutumin da ya rasa ido ba ya son a riƙa tuna masa cewa akwai abin da kowa ke gani a jikinsa ban da shi. Shirun bel ma wani amfani ne gare shi, domin da kunne yake bin motocin da ke tahowa ta bayanmu. A makon da abin ya faru na fara neman wanda zai sayo mana daga waje, kuma biyu na ce a sayo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Sayen ma sai da lissafi. Ban taɓa ganin irin bel ɗin nan a Wunti ko Muda Lawal ba. Odar sa ake yi, da dala, a jira makonni, kuma kuɗin bel da farantansa biyu zai sayi sarƙoƙi masu yawa. Sannan ba a rage shi, ba a ƙara shi. Tsawonsa dole ya zama ninki biyu na tazarar da ke tsakanin sandar fedar gaba da ta baya, a tara da zagayen faranti ɗaya. Namu: 724 sau biyu 1,448, haƙora 69 sau 8 kuma 552, jimla 2,000. Da bel ɗin nan dai, faranti mai haƙora 74 tazarar 704 yake so, mai 66 kuma 736. Gangar na iya cike 'yan milimitoci kaɗan, ba ta wuce nan. Keken da tazararsa ba ta faɗa kusa da irin waɗannan ba, bel ɗin ba zai zauna masa ba, komai son mai shi. Sarƙa kuwa kowace tazara tata ce, a cire gaɓa ko a ƙara.

Ga abin da na gaya wa mutumin Gombe da muka sake magana. In keken sarƙar lafiyayye ne, kuma bambancin kuɗin zai takura shi, ya ɗauke shi hankali kwance, kada kuma wani ya ruɗe shi ya kashe kuɗi wajen mayar da shi bel. Haka in tafiyarsu mai nisa ce, irin Gombe zuwa Kaltungo ko Dukku, ko kuma keken zai riƙa shiga hannun mutane da yawa, yau wannan ya hau gobe wancan ya kai gyara. Bel na son mai shi ɗaya wanda ya san halinsa. In kuwa shi da kansa zai riƙa jan ɗan nasa a cikin gari da kewaye, yana da haƙurin koyon ɗauri, yana kuma da hanyar da zai sa a sayo masa na ajiya, to na bel ɗin zai fi wa yaron daɗi, saboda dalilin da ya mayar da mu.

Na kuma ce kada ya biya kuɗin na bel sai ya je da tef da alanki. Ya ƙirga haƙoran farantan, ya auna tazarar, ya ga lissafin ya fita. Ya tabbatar gangar na kwancewa tana juyawa, domin a kekunan gwanjo sau da yawa ta ci tsatsa ta kafe, kuma kafaffiyar ganga na nufin ba ɗauri ba sassautawa. Ya bi bel ɗin da yatsa haƙori bayan haƙori, ciki da baya. Bel ɗin da ya sha matsi cikin kwantena a ƙarƙashin wasu kekuna yana iya zama da rauni a ɓoye, don haka ya ɗauka cewa zai canza shi, ya sa kuɗin cikin ciniki. Sannan su hau su biyu da wani mai nauyi, su sami ɗan hawa, ya danna feda da ƙarfi daga tsaye. In ya ji ƙas alhali amon ɗaurin daidai yake, bodin ne ko farantan, ya bar shi ko ya saye shi da niyyar sa masa sarƙa. Ya kuma duba ko ramukan notin faranti irin na kekunan tsere ne da ake samu a kasuwa, domin ranar da bel ya ƙare ba a samu wani ba, su ne za su ba shi damar komawa sarƙa cikin kwana biyu. Farantanmu masu haƙora 42 da sarƙarsu suna nan a gida cikin leda, na shafe su da mai, alankin gangar kuma yanzu ɗaure yake a ƙarƙashin sirdina.